Tsarabar Jamus

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku na kan tabarma da ku masu leƙe ta bakin ƙofa."

"Ta zo mu ji ta, Iya, amma yau ban da gizo."

Babu gizo, babu ƙoƙi. Ta mutane ce, wasunsu ma kun sha durƙusa musu a hanya.

A garin Gude, can ƙasar Kabo, akwai wata mata mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ana ce mata Inna Furera. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ba ta rasa ci ba, ba ta rasa sutura ba, abu ɗaya ne ke cin ranta, shi ne tsaraba. Shekara da shekaru, duk wanda ya dawo daga Makka sai an aiko mata da nata: 'yan dabino, ɗan zamzam a murfin kwalba, wata sa'a zoben nan mai mayar da yatsa kore. Ita kuwa duk zuri'arta babu wanda ya taɓa wuce Zariya. Kullum ita ce mai shimfiɗa hannu biyu tana godiya. Kun san hannun da kullum yake karɓa yakan gaji, ko da dabino ake zuba masa.

Katanga ɗaya ce tsakaninta da Hajiya Maiturare. Ita wannan Makka ta zame mata kamar kasuwar Gwarzo, ga haƙoran zinare a gaba, ba ta dariya sai ta juyo wajen da rana take. In za ta aika da tsaraba, sai ta ɗaga murya yadda za ta haura katanga: "A kai wa Furera, ita ma ta ɗanɗana, tunda Allah bai nufe ta da matafiyi ba."

Shekarun nan ne da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. Fetur ya yi tashin gwauron zabo, taki ya zama sai ɗan wane, albashi kuwa sai ma'aikaci ya manta da shi yake zuwa. Autan Furera, Abdulnasir, yana aiki a wani shagon kwamfuta kusa da tashar mota a Gwarzo, yana buga katin biki da takardar neman aiki. To da Shari'a ta zo, kowa ya tuna da gonar kakansa da aka cinye, rigimar gado ta tashi gida-gida. Sai yaron nan ya zauna ya rubuta manhaja, wato karatun da ake ɗora wa kwamfuta ta bi. Ka gaya mata mamaci ya bar mata da 'ya'ya da uwa, ita kuma ta fitar da mai sumuni da mai sudusi, ba ta jin tsoron kawu, ba ta karɓar goro. Ya je Kano ya sa ta a intanet kyauta. Bayan damina biyu sai ga gayyata daga Jamus: ana babban taron masu rubuta manhaja na duniya, ya zo ya yi bayani, kuɗin jirgi da masauki duk a kansu.

Furera ba ta tambaye shi me zai faɗa a can ba. Ranar kasuwa ta hau mota ta tafi Gwarzo, ta sayo jakar Gana-mas-go, babbar, wadda mutum zai shiga ya miƙe ƙafa. Ta ajiye a gabansa.

Ya ce, "Inna, ba hajji zan tafi ba. Taro ne, kuma ko sisi ba za su damƙa min a hannu ba."

Ta ce, "Jirgi za ka hau?"

"Jirgi."

"Zai ƙetare ruwa?"

"Zai ƙetare."

"To rufe min baki. Wanda ya ƙetare ruwa ba ya dawowa hannu rabbana. Sau ɗaya a rayuwata ina son a yi sallama a ƙofar mutane a ce in ji Furera."

Ranar tafiya gidan ya cika da 'yan sallama. Wani rediyo yake so, wani agogo, wata maganin sanyin gwiwa. Hajiya Maiturare ta zo a ƙarshe, ta dubi jakar da ke naɗe babu komai a ciki, ta ce, "Allah ya kiyaye hanya. Allah ya sa dai su ma a can sun san abin da ake kira tsaraba."

Abin da ya gani a can, kamar yadda ya ba mu labari da bakinsa, ga shi.

Ɗakin taron ya fi filin idin Gwarzo, a rufe ruf, babu tsuntsu babu ƙuda. Mutane dubbai daga kowace ƙasa, kowa an rataya masa sunansa a wuya kamar akuyar da za a kai kasuwa. Shi ya caɓa ado da babbar rigar mahaifinsa da hula ƙube, don kada ya kunyata Gude. Ya shiga ya tarar da jama'a cikin singileti da wando mai yagaggiyar gwiwa, suna zaune a ƙasa sun jingina da bango, kowa na neman ramin da zai soka wayar kwamfutarsa. Ya ga wani mai ƙazamin gashi da silifas, har ya fara tunanin ba shi ragowar burodinsa, sai aka ce masa ai wannan shi ne mai kamfanin da ya ɗauki nauyin rabin taron.

Gaisuwa kuwa ba a magana. Yana cikin tambayar mutum yaya gajiya, kafin ya kai kan iyali mutumin ya kai ƙofa.

Amma ya ce abu ɗaya ya sa ya ji kamar yana gida, shi ne rigima. Ashe su ma suna da ƙabalu da sadalu. Wasu sun ce in za ka fara layi a manhaja fili biyu za ka bari, wasu sun ce huɗu, kuma mai biyu ba ya cin abinci teburi ɗaya da mai huɗu. Kowane ɓangare da shehunnansa masu gemu, da littattafansa, da waɗanda suka yi ridda suka koma ɗaya ɓangaren.

Nasa bayanin an sa shi da sassafe a wani ƙaramin ɗaki kusa da banɗaki. Waɗanda suka zo ba su cika benci biyu ba, ɗaya ma barci ya shigo yi. Ya yi bayanin rabon gado tiryan-tiryan, har da mas'alar kaka da 'yan'uwa wadda ke sa malamai gumi. Da ya gama aka tafa kaɗan. Wani dogo ya ɗaga hannu, Abdulnasir ya gyara tsayuwa yana jiran tambayar ilimi. Mutumin ya ce me ya sa ya bar fili biyu.

Ya fito jiki a sanyaye. Ba wannan ne ya fi damunsa ba, jakar Inna ce, tana can masauki a naɗe. Ya leƙa shagunan birnin, ya lissafa kuɗin tsinken ashana da kuɗinmu, ya fito da baya-baya. Yana ta tunanin yadda zai shiga Gude, da muryar da za ta hauro katanga.

Sai Allah ya kai shi ɗaya ɓangaren ɗakin taron, inda kamfanoni suka kafa rumfuna kamar kasuwar Gwarzo ranar da ta cika. A rumfar farko wata yarinya ta miƙo masa riga. Ya ce ba shi da kuɗi. Ta ce kyauta ce. Ya ce tukuicin fa? Ba ta gane ba, ta ƙara masa biro. A rumfa ta biyu suka ga babbar riga, suka ɗauka wani basarake ne mai rijiyar mai ya zo zuba jari. Aka ba shi kujera, aka kira manaja, aka yi hoto, aka ba shi komai bibbiyu. Shi kuwa ya tsare gida, yana gyaɗa kai a hankali kamar hakimi a wajen sauraron ƙara.

Daga ranar bai sake shiga ɗakin karatu ba. Manyan shehunnan kwamfuta na duniya suna can suna zuba ilimi, ɗan Furera yana nan yana zagaya rumfuna, safe da yamma, har masu rumfa suka fara gaishe shi da hannu biyu. Riguna, huluna, lema, birori, ƙananan tocila, igiyoyin rataya suna, wata ƙwallo mai laushi da ake matsawa in rai ya ɓaci, da wani faifan roba da ake ɗora linzamin kwamfuta a kai. Jaka ta fara tsayuwa da kanta.

Ranar rufe taro aka yi walima, rana na sama ta ƙi faɗuwa, shi yana ta jiran magariba. A bakin ƙofa ana miƙa wa kowa kwali. Ya buɗe ya ga kofi na gilashi mai kauri, da mariƙi, da murfin ƙarfe fari mai 'yar maɗaga da ake dannawa da babban yatsa. Bai gama sha'awarsa ba ya ga abin da sauran ke layi suna cika nasu da shi, mai kumfa. Ya yi a'uzubillahi, ya mayar da nasa cikin kwali, ya ci burodi da dafaffen ƙwai ya fita. Ya so ya bar shi a masauki, sai ya ga ai zai yi kyau a shago a zuba birori. Ya naɗe shi da riga ya cusa can ƙasan jaka.

A filin jirgi aka ce kaya sun yi nauyi. Manyan littattafan da masu taro suka ba shi su ne a sama, don haka su suka zauna a Jamus. Aka ce har yanzu da saura. Ya shiga banɗaki ya jera riguna a jikinsa, wata kan wata, ya rufa da babbar riga. Da ya sauka daga mota a Gude, mata suka yi ta cewa lallai Turai akwai abinci, dubi yadda yaro ya yi ƙiba cikin 'yan kwanaki.

To al'adar gidajenmu, matafiyi ba ya kwance kaya da hannunsa in uwarsa na raye. Ya dire jaka a gabanta, ya tuɓe rigunan ya tara mata, ya sha kunu ya kwanta. Ita ke rabo, ita ta san nauyin kowa. Furera ta baje kaya a tsakar gida, mata suka kewaye ta. Tsofaffi masu ciwon hannu suka samu ƙwallon matsawa. Faifan roba ya tafi gidajen da ake da baƙi, a riƙa ɗora kwanon miya. Igiyoyin suna suka koma wuyan 'yan awaki da makullan rumbu. Dagaci ya samu lema da tocila. Yara suka yi ta shiga gida-gida: "Salamu alaikum, wai ga tsaraba in ji Inna Furera." Tana zaune tana jin sunanta na yawo a gari, ta kasa cin abinci.

Sai hannunta ya taɓa kwali. Da ta fito da kofin, rana ta doke shi, kowa ya zuba masa ido. Hajiya Maiturare, wadda ta zo ganin ƙwaƙwaf, ta miƙa hannu ta danna murfin ya ɗaga, ta saki ya rufe. Ta ce, "Irin wannan sai gidan da aka saba da kayan waje, a san yadda za a riƙe shi."

Furera ta ce, "Gaskiyarki, Hajiya. Na Malam ne." Ta miƙa mata riga da biro.

Malam Ja'afar shi ne limamin gari, kuma shi ke shugabantar dattawan da ke sa ido a kan tarbiyya tun zuwan Shari'a. Shi ya hana kalangu a biki, shi ya sa mai shayi ya daina kunna kaset. Mutum ne mai tsanani, amma yana da rauni ɗaya, fura. Kullum bayan la'asar yana zama a ƙofar zaurensa yana karantar da manya, ga kwanon fura a gefe, rabin karatun korar ƙuda ne.

Abdulnasir ya farka da yamma ya fito gaida mutane. Daga nesa ya hango Malam a kan buzu, littafi a hannun hagu, kofin Jamus a hannun dama cike da fura. Ya danna murfi, ya kurɓa, ya saki, tak. Ƙudaje na kewaya ƙarfe suna komawa. Yaro ya shiga tunani. Ya faɗa wa Inna? Yau ne ranar da ta jira shekaru. Ya je ya karɓo? Kyautar da ta shiga hannun liman ba ta dawowa. Ya ja bakinsa ya koma Gwarzo bakin aiki, yana addu'ar kofin ya faɗi ya fashe. Gilashin Jamus kuwa ba ya fashewa.

Ana nan sai ƙanen Hajiya Maiturare, Baƙo, ya zo gida. Direban babbar mota ne, yana ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Ikko. Ya wuce ta ƙofar Malam, ya ga abin da ke hannunsa, ya tsaya kamar an taka masa burki. Kafin isha ya gaya wa mai shayi, ya gaya wa mai faci, har yana kwatanta yadda ake karkata kofin in ana zubawa don kada kumfa ta yi yawa. Kafin gari ya waye magana ta hauro katanga: "Mu dai dabino muke kawowa, ko ba yawa halal ne. Ba mu taɓa sa liman shan fura a kofin giya ba."

Furera ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ranar ba a soya ƙuli-ƙuli ba. Wata maƙwabciya ta aiko da faifan roba, wai a duba mata ko shi ma na wani abu ne. Aka fara kwance igiyoyi daga wuyan awaki.

Malam ya aika a kira kowa bayan la'asar, har Abdulnasir daga Gwarzo. Maza suka cika ƙofar zaure, dagaci na gefe da lemarsa ko da yake babu hadari. Furera da Maiturare suna daga ciki bayan asabari, ba mai kallon wata. Kofin na gaban Malam, da fura a ciki.

Malam ya ce, "Abdulnasir, tsakaninka da Allah. Don me aka ƙera wannan?"

Yaro ya sunkuyar da kai. "Don giya, Allah gafarta Malam."

Aka ji wani ɗan sauti daga bayan asabari, kamar an zauna ba shiri.

"An taɓa zuba masa ita?"

"Ko ɗigo. A kwalinsa aka miƙo min, a kwalinsa ya zo. Birori na yi niyyar zubawa. Ina barci aka yi rabo."

"Kai fa, ka ɗanɗana?"

"Burodi da ƙwai na ci, Malam, har na dawo."

Wani ƙuda ya sauka a kan murfin, ya zagaya, ya rasa ƙofa, ya tashi. Malam ya bi shi da kallo har ya ɓace. Sannan ya ce, "Jama'a, in mutum an haife shi a gidan da ba a salla, bai taɓa aikata abin da iyayensa ke yi ba, ya yi hijira ya ƙetare ruwa ya zo cikinmu, mukan kore shi?"

Aka ce a'a.

"To wannan kofi, abin da ya fara shiga cikinsa a duniya furar gero ce, da bisimilla. Kuma an umarce mu mu riƙa rufe abin sha. Duk faɗin garin nan, wane kofi ne ya zo da murfinsa a jikinsa? Ku da aka haifa cikin sunna, kwanukanku a buɗe suke kwana." Ya danna murfi ya kurɓa. "Tsarkakakke ne. Wadda ta aiko da shi ta san girman malamai, Allah ya yi mata albarka."

Aka ce amin. Mutane suka fara gyara takalma za su tashi, sai Malam ya ɗaga hannu.

"Saura ƙiris. Baƙo, matso."

Baƙo ya matso, ya durƙusa.

"Ni gemuna ya yi fari ban san wannan kofi ba. Dagaci bai san shi ba. Kai daga tsallaken hanya, kana tafiya, ka gane shi. A wace makaranta?"

"A kalanda na gani, Malam. A wani shagon faci a Ikko."

"Madalla. Kalandar ce ta koya maka yadda ake karkata shi saboda kumfa? Mai shayi ya ce har da hannu ka gwada masa."

Kowa a wurin ya san yawan bulalar da ke kan wannan magana, Baƙo ma ya sani. Mutumin da ke tuƙa tirela cikin Ikko gumi ya jiƙa masa hula.

Sai murya ta fito daga bayan asabari, a tausashe, ba irin mai haura katanga ba. "Allah gafarta Malam, yaron nan tun yana ƙarami idonsa ba shi da kyau. Bai ga komai ba. Surutu ne kawai irin na direbobi."

Yaron nan kuwa yana da jikoki.

Malam ya ce, "To tunda bai ga komai ba, Hajiya, ke ma ba ki ji komai ba. A koma a mayar wa awaki igiyoyinsu."

Washegari da safe Maiturare ta shigo gidan Furera da kanta, ba aike ba, wai ta zo sayen man gyaɗa. Ta zauna, ta yaba ƙuli-ƙuli, ta yaba tarbiyyar Abdulnasir. Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "In yaron zai koma baɗi, ko da ƙaramin ne, mai murfin."

Furera ta ce, "In Allah ya nufe ki da shi, Hajiya, za a aiko miki, ke ma ki ɗanɗana."

Abdulnasir bai sake komawa Jamus ba. Ya buɗe shagonsa a Gwarzo, ana ce masa Alhajin Jamus, kuma har yau babu wanda ya tambaye shi abin da ya faɗa a taron. Manhajarsa na nan, masu rigimar gado sukan zo a buga musu, in rabon bai yi musu daɗi ba su ce kwamfutar ce ta lalace. Baƙo ya daina bi ta ƙofar Malam, yana zagayawa ta bayan masallaci. Hajiya Maiturare ta ƙara zuwa Makka, ta duba kasuwanni ba ta samu mai murfi ba, amma tsarabarta ta koma zuwa babu magana a kanta. Malam Ja'afar ya sha fura a kofinsa har ƙarshen ransa, da aka zo rabon gadonsa kuwa kofin ne kaɗai abin da kwamfuta ta kasa rabawa, babban ɗansa ya riƙe. Inna Furera ta tsufa a ɗakinta, jakar Gana-mas-go na rataye a bango, tana zuba gyaɗa a ciki.